Masu Gyaran Kayan Sauti da Taswirar da Aka Janye

Duk amfilifayar da aka kai wa mai gyara, ko ta ɗakin sauraren wani attajiri ce a Landan ko ta masallacin unguwa a Zariya, ƙorafin mai ita ba ya wuce 'yan kaɗan. Ko ta ƙi kamawa, ko tana gunji ta cikin lasifika ba tare da an sa mata komai ba, ko kuwa da an kunna sai fiyus ya tsinke. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara lalube a hanyar da sauti ke bi. Kai tsaye yake nufar kusurwar da wayar wuta ta shigo, inda taransifoma take zaune da manyan kafasitoci a gefenta, domin kusan shekara 100 ke nan wannan kusurwa ce ta fi ciyar da masu sana'arsa. Ana yawan cewa gyaran rediyo da kayan sauti ya ja baya ne don kayan zamani sun fi ƙarfin hannun mutum, wai ilimi ya yi nisa ya bar mai dalma a baya. Tarihin sashen wuta bai goyi bayan wannan magana ba. Abin da yake nunawa shi ne, sana'ar ta tsaya da ƙafafunta a zamanin da masu ƙera kaya suke sakin taswirar abin da suka ƙera, suke kuma haɗa shi da kayan da kowa zai iya saye a kasuwa, kuma ta fara tangaɗi ne daga lokacin da aka janye taswirar.

Aikin wannan sashe ba shi da wuyar fahimta. Wutar da ke zuwa ta soket kai-komo take yi, sau 50 a cikin daƙiƙa guda a Najeriya da Nijar da Turai, sau 60 a Amurka. Amfilifaya kuwa miƙaƙƙiyar wuta take so, irin ta batir. Don haka taransifoma take karɓar wutar ta sauke ƙarfinta ko ta ɗaga shi zuwa yadda ake bukata, sai diyod ya tare mata hanyar komawa. Amma abin da ke fitowa daga diyod bai gama miƙewa ba, yana tasowa yana faɗuwa sau 100 a daƙiƙa. A nan kafasita take shigowa, kuma aikinta na randa ne a gidan da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa: tana cika idan ya zo, a sha daga cikinta idan ya tafi. Ranar da ta daina riƙe abin da aka zuba mata, wannan tashi da faɗuwa sai ya wuce har cikin lasifika, shi ne gunjin nan mai kauri da ake ji. Cikin babbar kafasita kuwa ba komai ba ne illa fallen alminiyom biyu da aka naɗe tare da takardar da aka jiƙa da wani ruwan sinadari. Ruwan nan yana bushewa a hankali, zafi ne kuma yake gaggauta shi. Kamfanoni kan ba da tabbacin awa 1,000 ko 2,000 a zafin digiri 85 ko 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk saukar digiri 10 tana ninka kwanan kafasita. Wadda aka yi wa alƙawarin awa 2,000 a digiri 85 za ta kai awa 32,000 a digiri 45, wato bai cika shekara huɗu ba idan ba a kashewa. Tun ranar da aka ƙera na'urar, ke nan, akwai abin da ke cikinta da aka san zai mutu kafin sauran, kuma yana cikin mafi arha.

A farkon shekarun 1920, lokacin da gidajen rediyo suka fara yaɗuwa a Amurka da Ingila, akwatin rediyo ba shi da sashen wuta sam. Batura yake ci, har iri uku: wani babba mai ruwan asid irin na mota wanda ke ɗumama kwalaben bawul, ana ɗaukarsa ana kaiwa caji, wasu busassu da ake jerawa su ba da volt 45 ko 90 ko fiye, da wani ƙarami na daidaita aikin kwalaben. A 1925 al'amarin ya fara sauyawa ta fuskoki da dama. A Toronto ta Kanada, Edward Rogers ya fitar da rediyon da ake jonawa a soket kai tsaye. Kamfanin Raytheon ya fito da kwalbar da ke miƙar da wuta. Philco, wanda asalinsa kamfanin batir ne a Philadelphia, ya shiga sayar da akwatin da ke maye gurbin batir. Zuwa 1927, da kamfanin RCA ya fitar da Radiola 17, rediyon soket ya kama hanyar zama na kowa. Kafasita mai ruwa ta riga wannan zamani, domin Karol Pollak ya nemi rajistar ƙirarta tun 1896, amma rediyo ne ya buɗe mata kasuwa. Irin na farko gwangwani ne da ruwa tsundum a ciki, dole a ajiye shi a tsaye, sai daga baya Samuel Ruben, wanda ya yi aiki da kamfanin Mallory, ya kawo irin wadda ruwanta ke cikin abin da aka jiƙa. Sakamakon duk wannan shi ne an shigar da wuta mai volt 300 zuwa 400 cikin falon mutane. A da mai sha'awa shi ke haɗa rediyonsa a kan katako, ya kuma gyara abinsa. Yanzu sai an nemo wanda ke da mita, ya kuma san inda ba a sa hannu.

Sai dai mita kaɗai ba ta isa ta yi sana'a ba. A wancan lokaci kamfanonin rediyo a Amurka sun yi yawa, kowanne da tasa ƙirar, kuma babu mai gyaran da zai haddace su. Abin da ya mai da gyara hanyar cin abinci shi ne takarda. Daga farkon shekarun 1930 John Rider ya shiga tattara taswirorin wayoyi daga kamfanoni yana bugawa juzu'i-juzu'i, har suka kai 23 a tsakiyar shekarun 1950. A 1946 Howard Sams na Indianapolis ya ƙara gaba da Photofact: ma'aikatansa su ne suke samo rediyon da kansu, su kwance shi, su ɗauki hotonsa, su zana taswirarsa, su rubuta volt nawa ya kamata mita ta nuna a kowace ƙafar kwalba. A Ingila mujallar 'yan kasuwar rediyo tana fitar da irin waɗannan takardu ga masu gyara. Kamfanoni da yawa ma liƙa taswirar suke yi a cikin akwatin, ko a ƙarƙashinsa. Makarantu irin National Radio Institute ta Washington, wadda aka kafa a 1914, suna koyar da aikin ta hanyar wasiƙa, har wanda ke ƙauye ya samu. A lura da abin da wannan tsari yake nufi: mutumin da bai taɓa ganin wata na'ura ba zai iya buɗe ta, ya auna wuri biyar ko shida, ya kwatanta da abin da ke rubuce, ya san inda wuta ta tsaya. Kamfanonin ba don Allah suke yi ba. Rediyo kaya ne mai tsada, kuma babu mai sayen abin da ya san ba wanda zai iya tayar masa da shi a garinsu.

Zamanin hi-fi, wato kayan da ake so su fitar da sauti kamar yadda aka ɗauke shi, a cikin wannan al'ada ya tashi. Amfilifayar Williamson da ta yi suna a duniya, a mujallar Wireless World aka buga taswirarta a 1947, kowa ya kwafa ya haɗa. Amma misalin da ya fi nuna abin da ake faɗa shi ne Dynaco Stereo 70, wadda kamfanin David Hafler ya fitar a 1959, mai wat 35 a kowane ɓangare. An riƙa sayar da ita a warwatse cikin kwali a kan dala 99.95, mai saye ya haɗa da hannunsa yana bin littafi, kuma an sayar da fiye da 300,000. Kwalabenta huɗu na fitar da sauti, EL34, suna bukatar a daidaita musu wata ƙaramar wuta da ke hana su zarce iyaka. Masu ƙirar sun tsara abin yadda idan an daidaita daidai mita za ta nuna volt 1.56, kuma sun zaɓi wannan adadi ne da gangan, domin shi ne ƙarfin sabon batirin tocila. Wanda mitarsa ta arha ce, ba ya kuma yarda da ita, sai ya fara auna sabon batir, ya ga inda allura ta tsaya, sannan ya murɗa har amfilifayar ta kai allurar wurin. Wannan tunani ne na wanda ya ɗauka cewa talaka zai buɗe kayansa. Raunin na'urar ma sananne ne, kuma duk a sashen wuta yake: gwangwani guda mai kafasita huɗu a ciki, da wani ɗan diyod na sinadarin seleniyom wanda ke raunana idan ya tsufa. Idan ya gaza, kwalaben sai su ja wuta fiye da kima har cikinsu ya yi ja, kuma idan ba a kashe da wuri ba taransifoma na iya tafiya. Diyod na silikon da ake maye gurbinsa da shi bai kai kuɗin kofin shayi ba. Shi ya sa yau, bayan fiye da shekara 60, ake samun waɗannan amfilifayoyi suna aiki.

Zuwan taransista bai rushe wannan tsari ba, ko da yake a lokacin ma an yi ta cewa ƙarshen masu gyara ya zo. Ƙarfin wutar cikin na'ura ya sauko zuwa volt 30 ko 50 ko 80, amma yawan wadda ake ja ya ƙaru, sai taransifoma da kafasitoci suka ƙara girma. A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana kamfanoni zuzuta ƙarfin amfilifaya, ta ce sai an faɗi ƙarfin da za ta iya riƙewa a kai a kai, bayan an gasa ta awa guda a kan sulusin ƙarfinta. Na'urar da sashen wutarta ke da rauni ba ta iya haye wannan gwaji, don haka gasar da kamfanonin Japan suka shiga a ƙarshen shekarun 1970 ta koma gasar tagulla da ƙarfe. Pioneer SX-1980 ta 1978 tana ba da wat 270 a kowane ɓangare, nauyinta kusan kilo 35, da kafasita huɗu masu maikurofarad 22,000 kowacce. Kamfanin Sansui kuwa dama da ƙera taransifoma ya fara a Tokyo a 1947. Kowace irin wannan na'ura tana da littafin gyaranta mai taswira da jerin kayan haɗi. Cututtukansu ma an san su: kafasitar da ta bushe, dalmar da ta tsage a ƙafar abin da ke zafi, da wani gam mai ruwan ƙasa da wasu kamfanoni suka liƙe manyan kayan haɗi da shi, wanda idan ya tsufa yake cin ƙafafun ƙarfe, har ya riƙa wuce da wuta.

Kayan aikin da ake fuskantar su da shi ba su taka kara sun karya ba. Mafi amfani a ciki ƙwan fitila ne mai zare, na wat 60 ko 100, wanda ake jonawa a kan hanyar wuta kafin ta isa na'urar. Idan aka kunna, ƙwan ya yi haske fau sannan ya dusashe, to kafasitoci ne suka sha suka ƙoshi, lafiya lau. Idan ya tsaya da haskensa, akwai inda wuta ta haɗe, kuma ƙwan ne ya shanye ta maimakon ta ƙone wani abu. Daga nan mai gyara zai cire wayoyin da ke kai wuta ga sauran sassa ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ƙwan, har ya ware mai laifi: diyod ne ya haɗe, ko kafasita, ko kuwa sashen wutar lafiyarsa ƙalau, taransistocin fitar da sauti ne suka mutu suka ja shi. Wannan bambanci na ƙarshe shi ke raba gwani da ɗan koyo, domin fiyus ba ya tsinkewa haka kawai, kuma wanda ya sa sabo bai nemi dalili ba zai sake saye. Kafin a taɓa komai kuma sai an sauke wutar da manyan kafasitoci suka riƙe, don suna iya ajiye ta bayan an zare soket. Abin takaici, ƙwan mai zare yana ƙara wuyar samu a kasuwa, kuma na zamani mai cin wuta kaɗan ba ya yin wannan aiki.

A ƙasar Hausa labarin ya bi wata hanya daban kafin ya haɗu da wannan. Rediyon da aka fara rarrabawa a Kano a 1944 na waya ne, akwatin da ke gida lasifika ce kawai da makunni, ba shi da sashen wuta. Wanda ya game gari daga baya, wanda aka riƙa kama BBC Hausa da shi tun daga 1957 da Rediyon Kaduna daga 1962, na batir ne. Sai da lantarki ya yaɗu, bayan an gama dam ɗin Kainji a 1968 aka kuma kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, rikoda da garmaho na lantarki da amfilifayar masallaci da ta masu kiɗan biki suka yawaita, sannan mai gyaran rediyo na nan ya zama mai gyaran sashen wuta, kuma a yanayin da ya fi na takwaransa na Turai tsanani. Zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da ƙura ta toshe wa kofofin iska, kuma ƙa'idar digiri 10 ba ta sassauta wa kowa. Wuta tana zuwa ƙasa-ƙasa, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, janareta ma yana da nasa halin. Ga kuma kayan gwanjo: na Amurka volt 120 suke ci, na cikin gidan Japan 100, soket ɗin nan kuwa 220 zuwa 240 yake bayarwa, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone taransifoma. A Turai taransifomar da ta ƙone sabuwa ake sawa. A nan sai aka samu masu naɗin koyil, su kwance fallayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, su warware ƙonanniyar wayar suna ƙirga zagaye, su naɗa sabuwa mai kauri ɗaya, wani lokaci ma su ƙara zagayen don na'urar ta dace da wutar ƙasar. Abin ya yiwu ne don tsohon sashen wuta yana karantuwa da ido ko babu takarda.

Wannan ne ya sauya da zuwan sabon sashen wuta mai tsinka wuta da sauri. A cikinsa ana miƙar da wutar soket kai tsaye, ta tsaya a kan kafasita da kusan volt 325, sai wata taransista ta riƙa buɗewa tana rufewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, abin da ke sa 'yar ƙaramar taransifoma ta yi aikin da a da sai mai nauyin kilo da yawa. Kwamfuta ce ta fara yaɗa shi, kamar Apple II ta 1977, kuma Sony ta gwada shi a amfilifaya tun ƙarshen shekarun 1970, amma sai da aka shiga ƙarni na 21 ya mamaye kayan sauti. Tagulla tana da tsada, jigilar nauyi ma haka, sannan dokar Tarayyar Turai ta ce daga 2010 na'urar da ke zaman jiran a kunna ta kada ta ci fiye da wat 1, daga 2013 kuma rabin wat. Dole a ba shi haƙƙinsa: ba ya ɓarnar wuta, kuma da yawansa suna karɓar komai daga volt 100 zuwa 240, abin da ya rage ƙonewar kayan gwanjo ya kuma sa na'ura ta kama ko wuta ta zo ƙasa. Amma tare da shi wata ɗabi'a ta shigo wadda ba ta da alaƙa da ilimin lantarki. Littafin gyara ya koma na wakilan kamfani kaɗai, ko kuma a buga shi da akwati fanko a wurin sashen wuta, a ce a sauya fanel ɗin gaba ɗaya. Wasu suna goge lambar da ke jikin kayan haɗi, wasu su zuba gam su binne komai.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa sabon sashen ya fi rikitarwa, ya kuma fi haɗari, don haka gara a hana a taɓa. Zancen haɗari bai tsaya ba idan aka duba baya. Amfilifayar bawul tana ɗauke da volt sama da 400, kuma miliyoyin rediyon arha da aka sayar a Amurka daga shekarun 1930 zuwa 1960 ba su da taransifoma sam, a da yawansu ƙarfen jikin na'urar yana iya zama a haɗe da wutar soket. Ba a magance wannan da ɓoye taswira ba, da koyarwa aka magance shi. Zancen rikitarwa kuwa wani abin da ya faru tsakanin 1999 da wajen 2007 ya gwada shi. A waɗannan shekaru an cika kasuwa da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa, waɗanda ke tara iska a ciki su kumbura su fashe cikin ɗan lokaci. An ruwaito cewa asalin abin wani haɗin sinadari ne da aka sato daga Japan bai cika ba. Kamfanin Dell kaɗai ya ware kusan dala miliyan 300 a 2005 saboda wannan matsala. Da labari ya bazu cewa a duba kafasitar da kanta ya kumbura, mutanen da ba su taɓa shiga ajin lantarki ba suka tayar da kwamfutoci da talabijin da kayan sauti masu ɗimbin yawa. Har yau mafi yawan abin da ke kwantar da sabon sashen bai wuce haka ba: wata 'yar kafasita kusa da guntun da ke sarrafa tsinka wutar ta bushe, sai na'ura ta riƙa ƙyas-ƙyas ta kasa tashi, ko taransistar tsinkawa ta haɗe bayan wuta ta dawo da ƙarfi. Kayan haɗin irin su UC3842 da TL431 na gama-gari ne, ana samunsu da arha. Abin da mai gyara ya rasa shi ne takardar da za ta gaya masa ƙimar abin da ya ƙone ƙurmus har lambarsa ta goge.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Idan ladan awa ɗaya na ma'aikaci a Jamus ya kusa kuɗin sabuwar na'ura, ba mai hankalin da zai kai gyara, ko da taswira ko babu. Wannan gaskiya ne ga kayan arha a ƙasashen da aikin hannu ke da tsada, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma hujjar ta manta cewa rashin taswira shi kansa yana cikin abin da ke tsawaita awannin, aikin minti 30 ya koma na yini. Ta kuma manta cewa lissafin a juye yake a inda kayan ke ƙarewa. A Kano ko Damagaram sabuwar amfilifaya da kuɗin waje ake shigo da ita, hannun mai gyara kuwa da kuɗin gida ake biyansa, don haka gyara ne mai arha. Na'urar da aka ƙera bisa lissafin Turai cewa ba za a gyara ta ba, ita ce ake saukewa a nan, inda wuta da zafi za su kashe ta da wuri. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Akwai ƙorafi na uku, kuma wannan a kan masu gyaran ne da kansu. Wani yana ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar sigari, wuta ta wuce ta cinye taransifoma. Wani yana sa kafasita mai volt 35 a gurbin mai 50 don ita ce a hannu. Kasuwa ma cike take da jabu, har akan samu babban gwangwani da 'yar ƙaramar kafasita a ɓoye a ciki. A Turai da Amurka kuma akwai masu tsige duk kafasitar da ke cikin tsohuwar na'ura ba tare da sun auna ko ɗaya ba, suna cewa sauti zai ƙara daɗi, wani lokaci su bar ta da cutar da ba ta zo da ita ba. Duk wannan yana faruwa, kuma kamfani yana da dalilin tsoron a ɓata masa suna. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan kurakurai na wanda ke aiki da ka ne. Rufe taswira ba ya hana a buɗe na'ura a wurin da ba a da kuɗin sabuwa, yana dai tabbatar da cewa za a buɗe ta a makance.

A Turai an soma ja da baya daga wannan rufa-rufa. Faransa ta tilasta liƙa makin sauƙin gyara a kan wasu kaya daga Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Amma jerin kayan da waɗannan dokoki suka fara da su na wayar hannu ne da talabijin da injin wanki da makamantansu, amfilifaya ba ta ciki. Jiran Turai ta tuna da ita ba dabara ba ce ga ƙasar da kowane masallaci da makaranta da ɗakin taro ke da amfilifaya. Hukumar SON, wadda ke tantance ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya, tana da ikon sa taswirar sashen wuta cikin takardun da za a nema daga mai shigo da kayan sauti, ta kuma matsa wa masu shigo da jabun kafasita. Hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da ilimin fasaha, ya kamata ta buɗe gajerun kwasa-kwasai kan sabon sashen wuta ga masu gyaran da ke kasuwa yanzu, a kuma koyar da su da Hausa.